Sitiyarin Roba da Makullin Ƙanena

Na dawo gida shekara biyu bayan an ba mu jiha, na bar aikin tafinta da na yi fiye da shekara ashirin a tashoshin jiragen ruwa. Na zauna a Kwatano, na zauna a Jidda, na yi 'yan shekaru a wani gari na bakin teku a Faransa, daga ƙarshe na ɗan taɓa Jamus. Cikin kayan da na dawo da su akwai wata tsohuwar kwamfuta da na saya don rubuta wasiƙu. Baturen da ya sayar mini da ita ya haɗa mini da wani kwali, ya ce kyauta ne, matarsa ta gaji da tuntuɓe da shi. Sai da na kama gida a Tudun Wada, a Gusau, na buɗe kwalin. Na tarar da baƙin sitiyari na roba, da wani faranti mai totur da birki da ake ajiyewa a ƙasa, da faifai guda na wasan tseren mota.

Na haɗa shi wata Asabar don in ga ko mene ne. Mota ce ja mai kujera ɗaya, a kan kwalta mai santsi da aka kewaye da katanga da tarin tayu. Waɗanda suka ƙera abin sun san mota. In ka taka totur da ƙarfi a kan kwana, bayan motar ya kufce maka. In ka daɗe kana gudu, tayu su yi zafi su fara zamewa. In ka bugi katanga, ƙafar motar ta karye, ka koma farko. Na yi mako biyu ina gwadawa, ban taɓa kammala zagaye ɗaya lafiya ba, ni da na yi tuƙi a ƙasashe huɗu. Na mayar da shi kwalinsa, na tura ƙarƙashin gado.

Ƙanena direba ne. Shekara tara na ba shi. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ake kallo a matsayin uba, ko da yake ubancin nawa ta wasiƙa na yi shi. Shi ne ya zauna. Shekara ashirin da shida yana bin hanyar Gusau zuwa Tsafe, in lodi ya yi kyau ya zarce Funtuwa, da yamma ya koma Bunguɗu inda gidanmu yake. Motarsa doguwa ce ta haya, shuɗiya, ta tsufa amma ba ta jin kunyar shiga tasha. Sitiyarinta a naɗe yake da jar fata, aikin wani baduku na Nahuce. Akwai koren tuntu a jikin madubi. A gilashin baya an rubuta da farin fenti: Hanya amana ce. Oda biyu ya sa mata, babba ta mutane da ƙarama ta dabbobi, domin a cewarsa babbar oda watsa tumaki take yi su faɗo kan kwalta. Na ga direbobin manyan motoci a Jidda da ke yi wa motarsu kwalliya kamar amarya, na kuma ga Jamus inda sai ka duba lamba kafin ka gane taka. Ƙanena yana tsakiya. Duk abin da ya liƙa wa motar nan yana da dalili, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka.

A farkon daminar shekarar da na dawo, ya kwashe teburin wani mai rake a tashar Tsafe da gefen motarsa na dama, da rana tsaka, yana tafiya a hankali. Aka yi dariya, aka tsince rake. Bayan kwana goma ya goge ginshiƙin ƙofar gidanmu, ƙofar da ya shiga sau dubbai, nan ma ta dama. Na kai shi wurin likitan ido. Bayan gwaje-gwaje likitan ya ja ni gefe, ya naɗe wata takarda kamar bututu, ya ɗora mini a ido.

"Alhaji, haka yake ganin duniya," in ji shi. "Hawan jinin ido ne. Abin da ke gabansa tar yake ganinsa, wataƙila har ya fi ka. Abin da ke gefe kuwa, musamman dama, babu shi. Maganin ɗigawa zai tsare abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi."

Muka koma Bunguɗu. Inna tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗar iri. Ta saurari bayanina har ƙarshe ba ta ɗaga kai ba, sannan ta miƙa wa ƙanena hannu.

"Kawo makullin."

Ya ciro ya ba ta. Ta juyo ta danƙa mini.

"Kai ne babba. Abin da kac ce, shi za a yi."

Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da take nufi. Namiji mai iyali ba ya fitowa ya ce na kasa. Ba a ma barinsa ya kai ga faɗa. Wansa ne ke tashi ya ce na hana, shi kuma ya yi fushi, ya yi gunaguni a tasha cewa Yaya ya takura masa, abokai su taya shi jin haushi, kowa ya san gaskiya amma ba wanda zai furta. Da haka mutum ke barin sana'a da mutuncinsa a cike. Laifin ya koma kan babba, kuma ɗaukar wannan laifin shi ne aikin babba. Kalma biyu Inna take so daga bakina.

Ni kuwa na kasa. Ina kallon mutumin da ya yi jinyar mahaifinmu, ya sa shi a kabari, ya riƙe gida ina can ina fassara takardun kaya. Ta yaya zan sauko daga jirgi jiya, yau in raba shi da abin da ya sani? Ga kuma wani ra'ayi da na kwaso a Turai, wanda a lokacin nake alfahari da shi, cewa ba a yanke wa mutum hukunci da baki, gwada shi ake yi, sakamako ya yi magana. Sai kwalin nan na ƙarƙashin gado ya faɗo mini a rai.

"Ni ba zan hana ka da baki ba," na ce masa. "Akwai wata na'ura a gidana da ake gwada direbobi da ita." Rabin wannan maganar ƙarya ne. "In ka zagaya sau uku a jere ba ka taɓa katanga ba, cikin lokacin da ta yanka, ga makullinka. In ka kasa har aka yanke gero, sai ka haƙura."

Inna ta ɗago. "Injin zai gane idonai?"

"Inna, ba abin da ke ɓoye masa."

"To, Allah shaida."

A raina na gama lissafi. Ni mai lafiyayyen ido na kasa zagaye ɗaya, balle shi. Zai gwada, ya gaji, na'ura ta ce masa a'a, ni kuma hannuna tsaf. Ƙanena ya daɗe yana kallona, da irin juya kai gaba ɗaya da ya fara yi a 'yan watannin nan.

"Haka kag gani, Yaya?"

"Haka na gani."

"To," ya ce.

Na ɗauka fushi ne.

Aka kawo motarsa gidana aka ajiye a gindin darbejiya. Shi kuma kullum bayan azahar sai ya hau motar abokan sana'arsa daga Bunguɗu, a matsayin fasinja, ya zo. Ranar farko ya cire takalmi, ya gyara hula, ya yi bisimilla kamar zai ɗauki hanyar Funtuwa. Ya lalubi gefensa yana neman giya, na nuna masa cewa wasu maɓallai ne a bayan sitiyari. Fitila ta yi kore, sauran motocin suka fizga, shi kuma ya tsaya har suka ɓace, sannan ya tashi a hankali.

"Mi suke ma sauri? Gobara anka yi?"

"Tsere ne."

"Tsere zuwa ina?"

"Nan za su dawo."

"Su tashi nan, su dawo nan, ba su ɗauki kowa ba, ba su sauke kowa ba? Yaya, waɗanga mutane ba su da aikin yi."

A ranar ya zagaya lafiya lau, bai taɓa komai ba, sai dai ya ɗauki ninki huɗu na lokacin da aka yanka. Da na nuna masa agogon da ke saman allon, ya ce wannan agogon ba direba ne ya sa shi ba, mai mota ne.

A kwana ta biyar ta wannan kwaltar, in ka dubi bayan katanga, akwai wani dutse can nesa da 'yar siririyar hanya tana hawansa. Rana ta uku ya karya sitiyari ya nufe ta. Motar ta daki katanga, ƙafarta ta fita.

"Ga hanya can tana hawa dutse, awa ta Kwatarkwashi. Don mi ba a zuwa?"

"Zane ne kawai. Babu komai a can."

"Wanda yaz zana hanya kuma ya hana a bi ta, ai mugu ne."

Wannan ya zama ƙorafinsa na kullum. Yana yabon motar, yana zagin hanyar. Ya ce birkinta gaskiya ne, yadda take jefa baya a kwana gaskiya ne, har kukan injin in ya nemi a sauya giya gaskiya ne. Amma hanyar da ba ta da mararraba, ba ta da gari, ba ta da ranar kasuwa, ya ce wannan turke ne aka ɗaure mota a kai, tana zagayawa kamar raƙumin da ke jan ruwa.

Ƙorafinsa na biyu shi ne motar ba ta kowa ba ce. Ya tambaye ni yadda za a mayar da ita shuɗiya. Na duba littafin da ya zo da faifan, na ce ba a yi. Ya ce a rubuta mata wani abu a baya. Na ce ba a yi. Ya ce a sa mata oda, ko da guda. Na ce masu tsere ba sa amfani da oda.

"Mota ba oda, ba rubutu, ba kujerar baƙo. In ta ɓace, ta wa za a ce?"

Da ya ga na'urar ba za ta saurare shi ba, sai ya yi abin da hannunsa ke iya kaiwa. Ya tafi Nahuce da sitiyarin robar a cikin buhu, badukunsa ya naɗe shi da jar fata irin ta motarsa. Ya kwance koren tuntun daga madubi ya rataya a kusurwar allon kwamfutar. Ya yanko farar takarda ya rubuta Hanya amana ce, ya liƙa a ƙasan allon da ƙullun fulawa. Daga ranar tuƙinsa ya canza. Ya ce yanzu ya san wadda yake magana da ita.

Shekarar nan an sha wahalar mai, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Ina da ɗan ƙaramin janareto, amma layin gidan mai kwana ake yi a kansa. Wata rana na fito na same shi durƙushe a gindin darbejiya da tiyo a baki, yana zuƙo man da ya rage a tankin motarsa yana tarawa a galan. Ya tofar, ya goge baki.

"Babba tana ciyar da ƙarama," ya ce, ya yi dariya.

Waɗannan yammacin su ne mafi daɗin zaman da na taɓa yi da ƙanena. Muna yara shekaru sun raba mu, da muka girma ruwa ya raba mu. Yanzu ga mu a ɗaki ɗaya, yana tuƙi ina ba shi labarin direbobin Kwatano da ba sa tsayawa ko ga gawa, shi kuma yana ba ni labarin fasinjojin Tsafe da ke shigo da kaji cikin riga don kada a ce kaya ne. Na manta dalilin da ya tara mu.

Wata Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu wuta, man galan ya ƙare. Muna zaune a zaure sai ya ce, "Yaya, kai da ka iya bakinsu, ɗauko takarda ka rubuta musu." Akwai adireshin waɗanda suka ƙera wasan a bayan littafin, da Faransanci. Na ɗauko biro don in biye masa. Ya gyara zama ya fara, yana faɗa ina juyawa.

Ya gaishe su, ya gaida iyalansu. Ya ce shi direba ne na shekara ashirin da shida, kuma ya shaida motarsu ba ta ƙarya. Sannan ya ce su rushe katangar nan, mutum ya fita ya tafi inda ya ga dama, ko dutsen can ne, ko wani gari, ya tsaya inda yake so ya sha ruwa ya dawo. Su bar mutum ya zaɓi fenti, ya rubuta abin da ke ransa a gilashin baya, ya sa oda biyu. Su sa rami, su sa laka, su sa gada mai cin mota ɗaya.

"Kuma ka ce musu," ya ci gaba, "hanyarsu duk abin da ke cikinta gaba yake. Hanya ta gaskiya, abin da ke kashe mutum daga gehe yake hitowa. Akuya, mai keke, ɗan kabu-kabu, mace da tulu. Su sa abin da ke hitowa daga dama. Rubuta wannan sau biyu."

Na yi dariya. "Turawa ba sa son maimaici a wasiƙa."

"Rubuta dai."

Na rubuta sau biyu. Na ji daɗin yadda Faransancin ya fita, har na karanta masa da ƙarfi don ya ji amonsa. Ya saurara yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Na ninke takardar na jefa a akwati, ban taɓa kai ta gidan waya ba.

Daga nan lokacinsa ya fara raguwa. Ya haddace kwaltar kamar yadda ya haddace hanyar Tsafe, har ya raɗa wa kowace kwana sunan wani wuri da ya sani: kwanar mai kilishi, kwanar makabarta, gangaren gada. Ba ya kallon allurar gudu, da kunne yake sauya giya. Allon kwamfutar bai fi faɗin faifan tuwo ba, kuma duk yana gabansa, daidai cikin bututun nan da likita ya nuna mini. Babu abin da ya taɓa fitowa daga gefe, domin babu gefe. Wannan ban yi tunaninsa a lokacin ba. Abin da na sani kawai shi ne ya kusa cika sharaɗin. Na yi tunanin in ɓoye faifan in ce ya lalace. Na yi tunanin in rage lokacin a ɓoye. Sai in tuna Inna ta ce Allah shaida, in fasa.

A watan da gero ya wuce kan mutum, wata Talata da la'asar, ya zagaya sau uku a jere. Bai taɓa ko tarin tayu ba. Rubutu ya fito a allon.

"Ta ce mi?"

"Ta ce ka ci."

Bai yi murna ba. Ya bar hannayensa a kan jar fatar, injin wasan yana ta kuka. Na shiga ɗaki na ɗauko makullin. Da na miƙa masa bai karɓa nan take ba.

"Yaya, ka tabbata?"

"Alkawari ne."

"Na san alkawari ne. Kai nike tambaya."

"Na'ura ta gwada ka, ka ci. Mene ne nawa a ciki?"

Ya karɓa.

Sharaɗi ɗaya na gindaya, shi ne tafiyar farko mu yi ta tare, ba fasinja, zuwa Bunguɗu mu nuna wa Inna. Ranar Alhamis da hantsi muka samo galan biyu muka zuba. Ya wanke motar da kansa, ya mayar da tuntun jikin madubi. Ta tashi a bugu na biyu. Muka fita daga Tudun Wada, muka ratsa gari, muka hau hanya. Ban taɓa zama a gefen direba mai taushin hannu irinsa ba. Yana ta juya kai dama da hagu kamar tsuntsu a bakin rijiya, yana latsa ƙaramar oda tun kafin in ga tumakin. Direbobi suna wucewa suna ɗaga masa hannu, wani har ya leƙo ya yi ihu, "Hanya amana ta dawo!" Na ji zuciyata ta fara kwanciya. Na ce a raina, ashe likita ma yakan zuzuta.

Saura kaɗan mu kai, gero ya rufe hanya ta ɓangarorin biyu kamar bango. Wata babbar mota ta taho daga gaba, ya tsayar da kansa a kanta har ta wuce. A daidai lokacin wani magidanci a kan keke, da buhun taki a baya, ya fito daga wata 'yar turba ta cikin gero, ta gefena. Na gan shi sarai. Na ga hularsa, na ga fartanyar da ya rataya a kafaɗa. Na jira ƙaramar oda. Na jira ƙafar ƙanena ta bar totur. Ba ta motsa ba. Fuskarsa a sake take, yana kallon gabansa, inda babu komai sai kwalta.

Na yi ihu, na cafke sitiyarin na fizga hagu. Motar ta tsallaka hanya ta faɗa kwalbati, amma bayanta ya riga ya taɓa ƙafar keken. Mutumin ya faɗi a kan kafaɗarsa, taki ya watse fari fat a kan kwalta. Da babbar motar nan ta yi jinkiri kaɗan, da ba ni ke ba da wannan labarin ba.

Na fita da gudu. Mutumin yana da rai, yana salati, hannunsa na dama ya karye. Manoma suka fito daga gonaki da fartanyu. Na waiwaya, ƙanena yana nan zaune, hannayensa a kan sitiyari. Na je tagarsa.

"Yaya," ya ce, "mi na buge?"

Kafin in amsa wani dattijo daga cikin manoman ya matso. "Haba direba, hanya sarari, rana tsaka. Ba ka gan shi ba?"

Akwai mutum kusan ashirin a wurin, wasu sun san shi, wasu sun sha shiga motarsa. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya tsaya a cikin laka.

"Ban gan shi ba," ya ce. "Ba ni gani ta nan. Na daɗe ba ni gani."

Ya faɗa da bakinsa, a bakin hanya, a gaban baƙi.

Muka tare wata mota aka kai mutumin wurin maɗori. Aka jawo tamu da igiya, wani direba ya ƙarasa da ita. Da muka shiga gida labari ya riga mu. Inna tana tsaye a tsakar gida, abin da ban saba gani ba. Ƙanena ya durƙusa ya ajiye makullin a gabanta, ba a hannuna ba. Sannan ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ni.

"Na hwaɗa maka. Sau biyu nac ce ka rubuta. Kai ka rubuta da hannunka, har ka karanta man."



Inna ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki makullin, ta ƙulle a bakin zanenta. "Kalma biyu nac ce ka hwaɗa," ta ce mini. "Ka tahi ka ba inji ya hwaɗa maka."

Da aka zo yankan gero, ƙanena ya tafi gonar mutumin nan da kansa, kwana tara yana yi masa aiki har aka ɗaure dammuna. Hannun ya ɗoru, amma an ce bai ƙara ɗaga galma kamar da ba. Motar ta koma hannun wani direba a tasha. Kafin a tafi da ita, ƙanena ya ɗauki reza ya kankare rubutun gilashin baya, harafi bayan harafi. A tasha ba wanda ya taya shi gunagunin cewa Yaya ya takura masa. Abin da ake faɗa shi ne makaho ya buge mai keke, kuma ya ji ana faɗa.

Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, ya zo duba ni da na kwanta asibiti. Amma daga ranar nan bai ƙara ce mini Yaya ba. Alhaji yake cewa, kamar kowa.

Shekaru da yawa bayan rasuwarsa na je ganin likita a wani babban birni, na ratsa ta gaban wani shagon kayan lantarki. An kunna wani wasan mota a ƙaton allo. Mai wasan ya zaɓi fenti, ya sauya tayu, ya liƙa rubutu a gilashi, sannan ya fita daga filin tseren ta wata ƙofa, ya bi gari, ya hau wani dutse, ya tsaya a samansa don kawai ya ga dama. Da yana gangarowa wata mota ta fito masa daga wani lungu ta dama, ya taka birki. Mai shagon ya zo ya tambaye ni ko ina son saya wa jikoki. Na ce a'a, kallo kawai nake yi.

Kwamfutar ta daɗe da mutuwa. Sitiyarin yana nan a saman kabad, fatar ta yi baƙi a wurare biyu inda hannayensa ke zama. Wasiƙar ma tana akwati. Nakan ɗauko ta, ba kullum ba. Faransancin bai da kuskure ko ɗaya, kuma layin nan yana nan sau biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, da rubutuna.